Agogon Kyaftin Tak

Seoul, Koriya ta Kudu
Watan Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Ok-nyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu da masu taya ki aikin shago. Yaya gwiwar? Malama Chae, wadda za ta kawo miki wannan takarda, ta ce min ta same ki kina sauka daga bene a karkace kamar ƙaguwa, kuma kin hana a kai ki asibiti. Ni dai kalau nake, in ban da ciwon bayan nan da haƙoran da na taho da su daga Koriya ta Arewa. Likitan nan da ya leƙa bakina sai da ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

Na bar wankin motoci. Wasu masu shirya fim ne suka neme ni. Fim ne na binciken kisa a ƙasarmu: an tsinci gawa a taragon kwal, wani ɗan sanda ya bi sawu, har sawun ya kai shi ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. Irin waɗannan finafinai ne ke tashe a nan yanzu. Mutanen Kudu suna son su zauna cikin ɗumi da gugguru a cinya, su ji tsoronmu na ɗan lokaci, sannan su fita cin gasasshen nama. Ban ga laifinsu sosai ba. Da a nan aka haife ni, da haka zan yi.

Aikina in koya wa 'yan wasa yadda muke magana, da yadda ake tsayuwa, da inda mutum ke ajiye idonsa idan babba na magana. Gwaggo, da kin ga fursunoninsu! Kumatu kamar an hura. Na ce wa daraktan, wani matashi mai suna Bang, ya hana su abincin rana ko na mako guda ne, ya yi dariya ya ɗauka wasa nake yi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai fitowa a matsayin jami'in tsaro. Ihu, dukan tebur, harbin kujera. Ranar da muka fita cin abinci gaba ɗayanmu, an ɗan sha, na ce masa, “Malam, wanda ya yi min tambayoyi bai taɓa ɗaga murya ba.” Sai na ba su labarin Kyaftin Tak. Ban sani ba ko na taɓa ba ki. Lokacin da aka kama ni kan wayar tagulla da ta ɓace a mahaƙa, ana cikin tambayoyi agogon hannunsa ya tsaya. Ya girgiza shi, ya kara a kunne, ya ce, “An ce kana taɓa gyaran agogo?” Ya sa aka kwance min hannu, aka ba ni allurar ɗinki. Yatsuna duk a kumbure, da ƙyar na buɗe bayan. Datti ne kawai. Da ya tashi, sai ya karɓa da hannu biyu kamar daga wurin babba, ya ce ya gode, ya ba ni rabin sigari, ya jira na sha. Sannan ya ce a mayar da igiyar, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Na faɗa musu ne don su san mutum ne, ba dodo ba. Da dodo ne ai da abin ya zo da sauƙi.

Na san abin da za ki ce, don haka bari in riga ki. Babu sunana a fim ɗin, babu fuskata. Ban manta ba cewa a can ni matacce ne, ruwa ya ci ni ranar ambaliya, kuma Tak ɗin nan da kansa ya sa hannu ya rufe maganar. Muddin ina matacce, matata Sun-im da 'yarmu Hyang suna ɗakinsu, ba wanda zai kwashe su zuwa sansanin bayan duwatsu a matsayin iyalin wanda ya gudu. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Ga maganin tarin Sun-im a cikin ƙullin, ki ba mai tsallaka kogi zuwa can. Ta shirya min teburin tunawa da mamaci bana? Yaya karatun yarinyar? Ki rubuto min komai, har abin da kike ganin ba shi da amfani.

Ɗanki,
Tae-sik


Yanji, ƙasar Sin
Watan Nuwamba

Tae-sik ɗan Yayana,

Takardarka ta iso, magani ya tsallaka kogi. Muna lafiya. Kawunka na nan, ba ya ji sai an kira shi cin abinci. Ƙaguwa ko? Ka gaya wa Chae ƙaguwar ce ke dafa mata taliya kyauta duk zuwanta, ta kuma ƙara kwano.

Sun-im ta hau dutsen da layin Sin ke kamawa, ita da mai ba da hayar wayar nan, ranar da aka saba, mun yi magana har sanyi ya kore ta. Tarin ya yi sauƙi. Ta shirya maka tebur, farar shinkafa da busasshen kifi da tuffa, ga hotonka na ranar aure. Shugabar unguwa ta zo ta zauna tana ƙirga hawaye, Sun-im kuwa ta ba ta har ta ƙoshi. Hyang ta faɗi ta yi maka gaisuwa sau biyu yadda ake yi wa mamaci, da zuciya ɗaya, tunda ita har yau abin da ta sani ke nan. Uwarta ce abin tausayi. Ta ce ta farko ba ta damunta, ai ko mai rai ana yi masa ɗaya. Ta biyun ce take ji kamar ita ke tura ka rami da hannunta. Saboda haka duk shekara a ta biyun sai ta yi dabara, ta sunkuya ta bar gashi ya rufe, amma ba ta bari goshinta ya taɓa ƙasa. Ka ji irin matar da ka bari.

Albishir: an ɗauki Hyang makarantar koyon jinya. Tarihin gidanku fes, 'yar ma'aikacin da ruwa ya ci. Sun-im ta ce idan ta gama, ta yi hankalin riƙe bakinta, za ta hau da ita dutsen ka ji muryarta.

To yanzu ni da kai. Babu suna, babu fuska, ka ce. Kai yaro, yunwa ce ta cinye maka ƙwaƙwalwa ko giyar Kudu? Kana tsammani finafinan nan a Seoul suke kwana? Kafin wata ya zagayo faifansu na kasuwarmu, kafin wani watan sun tsallaka a cikin buhun gari. Kuma wa ya fi kowa kallonsu a can? Masu ƙwacewa mana! Talaka sai ya toshe taga da bargo, su kuwa a ofis suke kallo da shayinsu.

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa wa kanka. Mutum nawa ne a duniya suka gyara wa Tak agogo da allura, hannu a kumbure? Kuma ta yaya wanda ke ƙarƙashin ruwa ya ba mutanen Kudu labari?

Ubanka ma haka yake. Ko wanda ya mare shi, sai ya tsaya ya bayyana wa mutane cewa hannun mutumin ma ya yi zafi. Ka je wurin wannan Bang ka tabbatar labarin ya tsaya a teburin giya. Ga yajin da kake so na ba Chae, kada ka bari ta ce ya zube a hanya.

Gwaggonka


Seoul
Watan Janairu

Gwaggo,

Barka da sabuwar shekara, ke da Kawu. Yaji ya iso, rabi. Ina lafiya, sai dai barci da ya yi ƙaura.

Ranar da na karanta takardarki na yi fushi, har na fara rubuta miki amsa mai zafi. Na kai tsakiya na yaga, don na tsaya na ƙirga kamar yadda kika ce, kuma lissafin bai wuce mutum ɗaya ba.

Na je na sami Bang a ɗakin da suke yanka fim suna haɗawa. Ashe tuni sun ɗauki wurin agogon, ranar da ba a kira ni aiki ba. Na ce ya cire. Ya ce, “Baba Pyo, babu sunan gari, babu sunan mutum, har muƙaminsa mun canza.” Na ce to ya mayar da shi rediyo, ko keke, ko fitila, komai dai ban da agogo. Ya ce, “Baba, rediyo ba ya shiga tafin hannu. Hannuwan nan biyu su ne fim ɗin.” Na ce masa akwai mace da yarinya a ƙarshen wannan hannun. Ya cire tabarau ya goge, ya ce zai yi magana da masu fim ɗin. Na yarda ya yi maganar. Ba mugu ba ne. Bai dai taɓa zama a garin da ake kashe mutum saboda abin da wani ya tuna ba, kuma wannan ba abu ne da ake koya wa mutum da baki ba. Na gwada.

An fara nunawa makon jiya, suka aiko min da tikiti. Gwaggo, yana nan ɗungurungum. Allurar, girgiza agogon, karɓa da hannu biyu, sigarin. Har yadda na riƙe allurar da gefen yatsa saboda farcen ya fita, na nuna musu a teburin da tsinken cin abinci, wani ashe ya lura. Gidan sinima ya yi tsit. Matar da ke gefena ta toshe baki da gyale. Ba zan yi miki ƙarya ba, shi ne wuri mafi kyau a fim ɗin, sauran duk guje-guje ne da harbe-harbe a kan jirgin ƙasa mai gudun da jirginmu bai taɓa yi ba. Kuma na ɗan lokaci, kamar na shaƙar numfashi ɗaya, na ji daɗi cewa an gani. Daga nan na fita bayan gida na yi amai.

Ina gaya wa kaina ƙila Tak ya yi ritaya. Ƙila an mayar da shi wani lardi, ƙila ya mutu, ai yana da ciwon ciki tun lokacin. Ƙila ba ya kallon fim. Ki tambayi masu tsallakawa a hankali ko yana nan.

Idan Sun-im ta kira, ki gaya mata komai, kada ki rage don ki kare ni. Ta kawar da kwalaben magani daga ɗakin, da rigar sanyin da na aika bara. Ta san inda za ta kai su.

Ɗanki,
Tae-sik


Yanji
Watan Maris

Tae-sik,

Muna lafiya. A tsaye nake rubutun nan, Chae na bakin ƙofa da jakarta tana buga ƙafa, jirginta ba ya jira.

Faifan ya iso. Na kalla a ɗakin baya, na ga wurin. Na je wurin mai aika su ƙetare na kwashe duk wanda ke gabansa na cusa a murhu, shago ya yi kwana biyu yana warin roba, masu cin taliya suna tambaya ko na canza miya. Da na koma, mutumin ya yi murmushi ya ce, “Iya, kin ga yadda yake tafiya? Na sa a buga ƙari.” Wauta dai ba a gidanku kaɗai ta tsaya ba.

Tak yana nan. An ma ƙara masa girma.

Na gaya wa Sun-im a kiran watan jiya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To.” Shi ke nan abin da ta ce.

Wannan watan ba ta kira ba. Mai wayar ma ba a ganinsa. Wata mai kawo busasshen kifi daga garinku ta ce an ga motar Tak a ƙofar gidanku da rana tsaka, kuma da ta wuce bayan kwanaki ta ga gidan a rufe. Iyakar abin da na sani ke nan. Ina bin sawu. Ka ci abinci.

Gwaggonka


Seoul
Watan Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ba ni da labarin lafiya da zan ba ki.

A rufe. Na karanta kalmar nan har takardar ta huje a wurin ninki. Ni na san me ake nufi da gida a rufe, na ga na su Om mai gyaran famfo, na ga maƙwabta suna rabon tukwanensu kafin tokar murhu ta huce. Wane sansani? Tare aka tafi da su ko an ɗauko Hyang daga makaranta? Ki nemi matar kifin ki sake tambayarta. Akwai hayaƙi a bututun? Kajin fa?

Chae ta ce ba ta san ranar komawarta ba, 'yarta na gab da haihuwa. Na bar mata wannan duk da haka.

Tae-sik


Seoul
Watan Mayu

Gwaggo Ok-nyo,

Shiru. Na san ma'anar shirunki. Haka kika yi lokacin rasuwar mahaifiyata, kika bar ni ina aika mata safa har bazara. Ban riƙe ki ba, na san tausayi ne, amma ni ba yaro ba ne, kuma wannan karon ba ki da ikon ɓoye min.

Ga abin da na yanke. Na sayi tikitin jirgi na ƙarshen watan gobe. Zan sauka wurinki in kwana ɗaya, in tsallaka da ƙafata in je ofishin Tak in zauna a kujerar da na sani. Ni suke nema. Zan ce matata ba ta san komai ba, da gaske ta ɗauka na nutse, ni na yaudare ta. Ƙila su saki yarinyar ko da ba su saki uwar ba. Ya taɓa karɓar abu daga hannuna da hannu biyu, ƙila ya saurare ni.

Kada ki ɓata takarda wajen hana ni. Ki dai nemo min wanda ya san inda ruwa bai kai wuya ba.

Tae-sik


Yanji
Watan Yuni

Kai Tae-sik,

Lafiyarmu lau, gaisuwa ta ƙare. Takardunka biyu tare suka iso jiya a jaka ɗaya da hoton jikan Chae. Na tilasta mata ta juya da wannan jibi, ko jaririn zai yi kuka har ya shiɗe. Idan ka hau jirgin nan, ni da kaina zan tsaya a filin jirgi in fasa maka kai da ludayi.

A rufe na ce. Na ce maka an manna takarda a ƙofa? Na ce an raba tukwane? Kwaɗo ne, kwaɗonta, da makullinsa a ɗaure a zaninta! Ta tafi ƙauyen yayarta aikin gona don ta kauce wa idon unguwa. Hyang na makaranta tana koyon yi wa matashin kai allura. Kai kuma kana shirin ka taso daga kabari ka shiga ofis da ƙafarka, ka tabbatar wa duniya abin da matarka ta yi shekaru tana binnewa. Ka tsaya ka ji.

Ta kira makon jiya da wayar wani, daga ƙauyen. Zan faɗa maka yadda ta faɗa min.

Tak ya zo shi kaɗai, ya bar direba a mota. Ya cire takalmi ya jera su. Ya ce, “Maman Hyang, ina hoton marigayi? Tun da abin ya faru ban zo na gaishe shi ba.” Ta ɗauko ta jingina a kan ƙaramin tebur. Ya fito da kwalba daga aljihun kwat, ya nemi ƙoƙo, ya zuba, ya ajiye gaban hotonka. Ya faɗi ya yi gaisuwa, goshi a ƙasa. Ya miƙe. Sai ya tsaya.

Ɗaya, Tae-sik. Ta mai rai. Ta ce ya daɗe a tsaye yana kallon hoton, ita kuwa ba abin da take ji a ɗakin sai ƙarar agogon hannunsa.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Aiki ya sa na kalli wani ƙazamin faifai da yarana suka ƙwace. Har maimaitawa na yi, saboda aiki. Ɗan wasan ya fi ni tsawo.” Ta ce ita ba ta san komai game da faifai ba. Ya ce, “Na sani. Wai rabin sigari na ba shi. Ƙarya ne, guda na ba shi.”

Daga nan ya juyo. Ya ce, “Ni na sa hannu cewa ruwa ya ci mutumin nan. Idan ya tashi, gida biyu za a kwashe, naki da nawa, kuma ni ina da jikoki. Yau ni kaɗai na gane. Gobe ban sani ba, akwai wanda ya riƙe igiyar ranar, yana nan da ransa, yana kuma son kujerata. Matacce ba ya aiko da maganin tari, Maman Hyang. Ba ya sa mace hawa dutse da sanyin safiya. Ba ya ba da labari a wurin shan giya. To ki gaya min, in yi ta biyun ko in tsaya a nan?”

Ta ce masa, “Ranka ya daɗe, mijina ya mutu.”

Ya faɗi ya yi ta biyu. Ya tashi ya karkaɗe gwiwa, ya ce, “Ke ma yi in gani.” Ta yi. Ya tsaya a gefenta yana kallon ƙasa. Ta ce in gaya maka wannan karon goshin ya taɓa.

Shi ke nan, ya shanye abin da ke ƙoƙon, ya sa takalmi ya tafi. Washegari aka kama mai wayar. Ba a tambaye shi sunan kowa ba, an dai tura shi aikin katako.

Ga saƙonta, ban ƙara ba ban rage ba. Kada ka sake aiko da komai, ko zare. Ba za ta ƙara kira ba, wannan ne na ƙarshe. Hyang ba za ta sani ba, ba bayan makaranta ba, ba bayan aure ba. Kuma ka yi nesa da 'yan garinku da ke Seoul, don bakin da ya kai labarin agogo zai iya kai wani. Sai ta ce, “Ki ce masa ban yi fushi ba.” Sai kuma ta ce, “A'a, kada ki faɗi haka, na yi. Ki ce masa ya riƙa sa hula in ana sanyi, kunnensa ba ya jure iska.” Wayar ta yanke, ko ita ta yanke, ban sani ba.

Suna raye, ɗan Yayana. Suna ɗakinsu. Abin da ka ce kana kwana da shi kana tashi da shi ke nan. Ban da abin da zan ƙara, na yi kuka na gaji, Kawunka har ya ji.

Gwaggonka


Seoul
Watan Yuli

Zuwa ga Gwaggo Ok-nyo,

Ina gaishe ki da Kawu, ina kuma neman afuwa kan takardata ta baya. Kin rubuta abin da aka gani, ni na ƙara sauran da kaina. Jikina lafiya. Na mayar da tikitin.

Gaskiyar Tak ce, guda ya ba ni. Na sha rabi na ɓoye rabi a bakin wando, shi ya sa rabi na tuna. Da akwai hanyar da zan gyara masa wannan da na gyara. Ban ce mutumin kirki ba ne, hannuna na hagu har yau ba ya dunƙulewa. Kansa ya ceta. Amma akwai hanyar ceton kai da ta fi wannan sauƙi, ya san ta, ya sha bin ta da wasu, kuma bai bi ta ba.

Bang ya zo har ɗakina. Fim ɗin ya karɓu, suna son yin wani, suna so in zauna da marubucinsu in ba shi duk abin da na tuna. Na dafa masa shayi na gaya masa abin da ya faru. Ya yi kuka sosai, har na ba shi tawul. Ya tambaya me zai yi. Na ce babu. Da yana sa takalmi na ga bakinsa na motsi, yana maimaita maganar Tak a hankali don kada ta ɓace masa. Bai ma san yana yi ba. Na riƙe masa hannu na sa ya rantse da kan 'ya'yansa, ya rantse. Ban san nauyin rantsuwar Kudu ba. Wannan shi ne labari na ƙarshe da zan ba wani a ƙasar nan.

Zan bar Seoul ƙarshen mako. Akwai tsibiran da ake noman ciyawar teku, suna ɗaukar kowa, ba sa tambaya. Ba zan rubuta miki sunan wurin ba, kuma na roƙi Chae kada ta neme ni. Abin da ba ki sani ba, ba wanda zai matse shi daga bakinki, ke ma kina da mutane a ƙetaren. Idan wata rana wani abu ya same su, kada ki yi wahalar nemana, ba abin da zan iya sai ɓatawa. Idan shiru ne, to suna lafiya. Zan koyi jin shirun haka.

Na gode da taliyar da kika ba ni ranar da na fito daga kogi, da duk abin da ya biyo baya. Ki je asibiti da gwiwar nan.

Akwai ƙulli tare da wannan takarda, ba na tsallakawa ba ne. Da kika ce an ɗauki Hyang makarantar jinya, na shiga kasuwa na sayi fararen takalman da masu jinya ke sawa a nan, masu taushin ƙasa, don an ce tsayuwa ce aikin. Da mai shagon ta tambaye ni lambar ƙafarta sai na tsaya ina kallonta. Ƙafar da na sani tana shiga tafin hannuna. Na sayi kala uku, ƙarami da matsakaici da babba. Ki nemi wata yarinya mai shekarunta a unguwarku ki gwada mata, ta ɗauki wanda ya yi mata, sauran ki bayar. Ba sai na san wanne ne ya yi daidai ba.

Ɗanki,
Tae-sik